Hular sanyi a ɗakin kimo: yadda zama 16 suka kasance da irin gashinmu

Ranar da likitan sankara (kansa) ya zaunar da ni a kan maganar kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar da ake sawa ta jijiya, mako biyar bayan an cire mini ƙari a mama, batun gashi bai ci minti biyu ba a zaman da ya kai kusan awa ɗaya. Ya lissafa magungunan da za a ba ni: epirubicin da cyclophosphamide, waɗanda suke taƙaitawa da EC, sau 4, duk bayan mako uku, daga nan paclitaxel kowane mako har sau 12. Zama 16 ke nan cikin kusan wata shida. Ya ce gashi zai zube, ya ce akwai hular sanyi, wadda ke sanyaya fatar kai lokacin magani don rage zubar, idan ina so, ya miƙo takardar amincewa na sa hannu, aka haɗa ni da tarin ƙasidu. Asibitin gwamnati ne a arewacin Ingila, ƙarƙashin NHS, hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, don haka ba a karɓi ko kwabo a kan hular ba. Ƙasidun an rubuta su ne da gashin Turawa a zuciya, kuma yawancin abin da ya shafi gashinmu mai kauri da murɗiya sai a kan kujerar kimo na koye shi, wani ma bayan na riga na yi asara. Shi ya sa nake jera shi a nan daki-daki.

Abu na farko da ya kamata ki riƙe shi ne ana yanke shawarar hular kafin zama na farko. Maganin da ya shiga jini ranar farko ya riga ya isa saiwar gashi, ko da zubar ba za ta bayyana ba sai bayan mako biyu zuwa uku. Wadda ta ce bari ta ga kamun ludayin zama ɗaya tukuna, ta rufe wa kanta ƙofar. Kuma sa hular sau ɗaya ba ya isa: duk zaman da aka tsallake ba sanyi, abin da aka tsare a baya yana iya tafiya.

Mako guda kafin a fara, an kira ni zaman share fage da nas ɗin sashen kimo. A nan aka auna tsawona da nauyina, aka ɗebi jini, aka duba jijiyoyin hannu, aka ba ni katin lambar gaggawa ta awa 24 da umarnin in kira idan zafin jikina ya hau. Ita ta tuna mini in nemi fom ɗin FP92A a wurin likitan unguwa, wanda ke ba mai ciwon kansa a Ingila damar karɓar magungunan da aka rubuta masa kyauta na shekara biyar. Ki cike shi da wuri, domin magungunan amai da na ciki za su yi yawa. A wannan zaman ne kuma ake tantance ko hular ta dace da ke. Ba a sa wa masu kansar jini irin su leukaemia da lymphoma, saboda ƙwayoyin cutar suna yawo a jini kuma ana so magani ya isa ko'ina har fatar kai. Ba a sa wa wanda sanyi ke fito masa da borin jini, ko mai wasu cututtukan jini da sanyi ke tayarwa, ko wanda za a yi masa maganin haske na ƙona ƙwayoyin cutar (radiotherapy) a kai. An tambaye ni ciwon ɓarin kai. Ba a tambaye ni sikila ba, ni na kawo maganar, kuma ina ganin duk mai sikila ta faɗa da bakinta tun a nan, tunda kowa a cikinmu ya san abin da sanyi ke yi wa mai ita. Na kuma tambayi abin da ya fi damuna, wato ko sanyin zai bar wa kansar maɓoya a fatar kai. Amsar ita ce a binciken da aka tattara a kan masu sankarar mama, bayyanar cutar a fatar kai ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, da hula da babu hula.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Kimo yana bin ƙwayoyin jiki masu saurin rabuwa, kuma saiwar gashi tana cikin mafi sauri. Idan aka sanyaya fatar kai ta sauko ƙasa da digiri 22 a ma'aunin Celsius, ƙananan jijiyoyin jini suna tsukewa, maganin da ke isa saiwar ya ragu, su kansu ƙwayoyin saiwar su yi sanyin aiki, su rage shan maganin. Na'urar da asibitinmu ke amfani da ita ta kamfanin Paxman ce na garin Huddersfield, akwati mai taya kamar ƙaramin firij, tana zagaya ruwan sanyi mai kusan digiri 4 ƙasa da sifili ta cikin bututu zuwa hular. Akwai wata mai suna DigniCap ta ƙasar Suwidin. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da DigniCap a 2015, da Paxman a 2017. A shekarun da suka biyo baya, a can Amurka sau da yawa mara lafiya ne ya riƙa biya, kuma kuɗin ya riƙa kai dala 2,000 ko fiye. Akwai kuma huluna marasa na'ura irin su Penguin, da ake daskararwa a canja duk bayan minti 25 ko kusa da haka, aikin da sai da mai taimako a tsaye. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ɗora ƙanƙara ko ledar ruwa daskararre a kai: sanyin ba ya bazuwa daidai, yana narkewa a tsakiyar magani, kuma yana iya ƙona fata.

Game da sa rai, gara ki ji gaskiya tun yanzu. A babban gwajin da aka buga a 2017 a Amurka da na'urar Paxman, kusan rabin matan da suka sa hular sun tsira da aƙalla rabin gashinsu, yayin da a cikin waɗanda ba su sa ba babu ko ɗaya. To ki lura, a wurinsu nasara ita ce a rasa ƙasa da rabi. Kuma sakamakon ya dogara da magani: dangin paclitaxel da docetaxel sun fi jin sanyin, dangin epirubicin da doxorubicin sun fi taurin kai nesa ba kusa ba. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a kan mata baƙaƙen fata 15 a Amurka, aka buga a 2021, an tsayar da shi da wuri saboda kusan dukansu gashin ya zube. Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne gashinmu yana tare sanyi kamar yadda bargo ke yi, iska tana maƙalewa a cikin murɗiyarsa, hular kuma tana zaune a kan gashi ba a kan fata ba. Duk shirin da zan faɗa a ƙasa manufarsa ɗaya ce, a kwantar da gashin hular ta taɓa fata.

An gwada mini girman hula a wannan zaman share fagen, kuma a nan aka yi kuskuren farko. Na je da kitso a kaina, nas ta ɗora hular a kansa ta rubuta babba. Kitso yana ƙara faɗin kai, kuma ba da shi za a zauna ba. Ki je gwajin da kai a tsefe, a jiƙe, kamar yadda zai kasance ranar magani. Ba a fafe gora ranar tafiya: kwana uku ko huɗu kafin zama na farko ki tsefe kitso, ki cire duk wani ƙarin gashi, ki wanke, ki warware ƙulle-ƙullen da yatsa da matsefi mai faɗin haƙora. Kada ki ce bari ki sa rilaksa don gashin ya kwanta. Sinadarin yana raunana gashi da fata a daidai lokacin da ba su da ƙarfin jurewa. Haka rini, haka lalle, haka ƙarfen miƙar da gashi. Idan gashin yana da tsawo da cika sosai, rage shi kaɗan yana taimakawa, amma ba aski ba.

Ranar farko na isa ƙarfe tara na safe. An sake auna nauyi da zafin jiki da bugun jini, aka duba sakamakon jinin da aka ɗeba kwana biyu baya, sannan aka jira sashen magani ya haɗa allurar, jiran da ya ci sama da awa ɗaya. Jakata tana ɗauke da kwalbar feshin ruwa, kondishina mara ƙamshi mai ƙarfi, matsefi, ƙaramin tawul, siririn maɗaurin goshi na yadi, bargo, safa, filas na ruwan ɗumi da ɗankwali mai laushi. Duk abin da na saya sabo bai kai fam 30 ba. Na roƙi kujera ta lungu mai labule, tunda ɗakin a buɗe yake maza da mata kuma sai an buɗe kai wajen shiri. Ba su yi musu ba, kuma daga ranar aka rubuta a katina. Idan hular ta hau, ana iya yafa mayafi sakwa-sakwa a kanta ba tare da an danne bututun ba.

Ki nemi a sa miki kanula, wato siririn bututun da ake sawa a jijiyar hannu don ba da magani, kafin a kunna sanyi, hannun kuma ya zauna cikin ɗumi. Da jiki ya ji sanyi jijiyoyin hannu suke laɓewa, shi kuwa epirubicin magani ne da ke cin nama idan ya zube a wajen jijiya, don haka nas ba ta yarda da jijiyar da ba ta gamsu da ita ba. Daga nan a shiga shirin kai. Ana jiƙa gashin da ruwa mai ɗan ɗumi har saiwa, ba sai yana ɗiga ba, amma namu yana buƙatar ruwa fiye da yadda ƙasidar ta ce, sashe-sashe, domin saman yakan jiƙe ƙasan yana bushe. Sai a shafa kondishina a sama don kada gashin ya manne da hular idan ya daskare. A taje shi baya, a kwantar, a bar layin goshi a fili. Maɗaurin yadin yana zama a goshi ƙasa da layin gashi ya rufe saman kunnuwa, domin robar mai sanyi idan ta zauna a kan fatar goshi tsirara ciwonta ya fi na ko'ina. Kada ya hau kan gashin, duk inda ya rufe sanyi ba zai isa ba. Hular biyu ce: ta ciki ta silikon mai bututun ruwan sanyi, da ta waje mai kauri mai igiyoyi da maɗaurin haɓa, wadda ke danne ta cikin.

Minti 15 na farko sun yi tsanani, ba zan ɓoye ba. Ciwo ne mai nauyi a goshi da gefen kai, har da ɗan jiri da tashin zuciya, kuma na yi hawaye. Yayata da ta raka ni ta riƙe mini kofin ruwan ɗumi tana ƙirga mintuna. Bayan nan fatar ta mutu, ya koma sanyi kawai da ake iya jurewa. Nas ta yarda in sha farasitamol rabin awa kafin a fara, amma sai bayan an auna zafin jikina, domin yana iya ɓoye zazzaɓi, zazzaɓi kuwa a lokacin kimo ba abin wasa ba ne. Kada ki sha shi daga gida ba ki faɗa musu ba.

An sanyaya kan minti 30 kafin magani ya fara shiga. Sannan nas ta zauna a gabana da manyan sirinji na epirubicin, magani mai launin ja, tana turawa a hankali, daga baya aka rataya ɗayan, duka kusan awa ɗaya. Fitsari zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, launin maganin ne. Da aka gama, hular ta ci gaba da aiki minti 90, saboda a lokacin ne maganin ya fi yawa a jini. Wannan ne lokacin da gajiya ke sa mutum ya ce a cire, kuma shi ne bai kamata a taɓa ba. Idan fitsari ya matsa, ana cire bututun daga na'urar hular tana kai, a je a dawo cikin 'yan mintuna, kada su kai goma. Azahar a zaune na yi ta a kan kujerar, da alwalar da na riƙe tun kafin a sa hular. Bayan an kashe na'urar aka sassauta igiyoyi aka bar hular minti biyar ta huce, saboda akan sami ƙanƙara a gashin kuma fizge ta yana tsinka shi. Na bar asibitin wajen ƙarfe biyu da rabi, kaina a jiƙe cikin tawul da ɗankwali.

Kwana 17 bayan nan zubar ta fara. Ta zo da ƙaiƙayi da zafin fatar kai kamar an ja kitso da ƙarfi, sannan gashi a matsefi, a matashi, a wuyan riga, cike da tafin hannu. Na kira layin sashen ina ganin hular ta gaza. Nas ta ce wannan zubar ta mako na uku kusan kowa yana ganinta ko hular tana aiki, kuma ita ce mafi yawa. Gaskiya ta faɗa, amma da na sa madubi biyu na ga tsakar kaina ta yi fili kamar faɗin tafin hannu, alhali gefe da ƙeya suna nan. Wannan ba aikin magani kaɗai ba ne. Hular babba ce, ta yi tozo a sama, iska ta zauna tsakaninta da madiga. Alamar tana nan tun ranar farko ban gane ta ba: da aka cire hular, gefen kaina ya yi sanyi ƙarara, tsakiyar kuwa da ɗan ɗumi.

A zama na biyu na nemi a sake gwaji, aka koma matsakaiciya. Na kuma nemi a ƙara minti 15 a sanyin farko ya zama 45, wanda shi ne abin da ake shawarta wa masu gashi mai kauri irin namu, kuma da ma ya kamata a yi tun farko. Yaya ta raba mini gashin gida-gida ƙanana, ta jiƙa kowanne har saiwa, ta murɗa su sakwa-sakwa a kwance ba tare da ja ba, don kada wani wuri ya yi tudu. Wurin da ya yi fili aka rufe shi da siririn bandeji mai raga, saboda fata tsirara ba ta jure robar kai tsaye. Ga yadda nake gwadawa tun daga ranar: bayan an ɗaure, in sa tafin hannu a saman hular in danna. Idan ta lotsa ta dawo, akwai iska, a sake. In bi gefe da yatsa, kada ya shige a ƙeya ko bayan kunne. Maɗaurin haɓa ya matse har magana ta ɗan yi wuya, amma ba ya hana haɗiya ba. Kuma cikin minti biyar in tambayi kaina ko ina jin sanyin a madiga kamar yadda nake ji a gefe. Nas-nas suna da marasa lafiya da yawa a lokaci guda, wasu kuma ba su taɓa sa wa mai irin gashinmu ba. Kanki ne, ke kaɗai ke jin inda sanyin bai kai ba, don haka ki ce a sake ko sau uku ne, cikin ladabi, ba tare da jin nauyi ba.

Kula da gashin a gida shi ne rabin aikin, kuma a nan al'adarmu ta gyaran kai take cin karo da abin da ake buƙata. Wanki sau ɗaya a mako ya ishe ni, da ruwa mai ɗan ɗumi da shamfu mai sauƙi, ina shafawa daga sama zuwa ƙasa ba cuɗawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dole a ci gaba da tajewa. Tsoro yana sa mutum ya ƙi taɓa kan, sai gashin da ya riga ya saki ya sarƙe da mai rai ya dunƙule, ƙarshe sai almakashi. Kowace rana ko bayan kwana biyu nakan fesa ruwa, in shafa kondishina, in warware da yatsa daga baki zuwa saiwa, ina riƙe gindin da ɗayan hannun. Abin da ya fito, da ma ya riga ya fita. Man kaɗe da man kwakwa a bakin gashi kawai, kaɗan, kuma ba a ranar magani ko jajibirinta ba, domin maiƙo mai kauri yana hana ruwa ratsawa. Babu kitso mai ja, babu zare, babu na'urar busarwa mai zafi. Ɗankwali da hular cikin hijabi su zama masu santsi kuma sakwa-sakwa, tunda ɗauri mai ƙarfi a wuri ɗaya kullum yana cinye gaban goshi. Rigar matashi ma mai santsi. Shafar kai a alwala ba ta da matsala, a hankali.

Zama na uku da na huɗu na EC sun ci gaba da rage gashin kaɗan-kaɗan. A ƙiyasina na shiga paclitaxel da kusan rabin abin da na fara da shi. Na karɓi takardar karɓar hular gashin kanti (wig) daga asibitin don ko-ta-kwana. A Ingila akwai kuɗin da ake biya sai ga waɗanda aka yafe wa, ofishin Macmillan, ƙungiyar tallafa wa masu ciwon kansa, da ke cikin asibitin su suka bayyana mini wanda ya cancanta. Ban yi amfani da ita ba, ɗankwali ya wadatar.

Zaman paclitaxel ya fi sauƙi ta fuskar kai, ya fi gajiyarwa ta fuskar yawa. Kowane mako: jini, jira, magungunan kare borin jiki da ake fara bayarwa, ɗayansu mai sa barci, sannan ƙarin ruwan na awa ɗaya, da sanyin bayan magani na minti 60 a tsarin asibitinmu. Ana iya fara sanyin farko yayin da ake ba da waɗancan magungunan, wannan yana rage kusan rabin awa, ki tambaya. Na'urorin ba su da yawa, sau biyu na jira wata ta gama kafin a fara mini, don haka ki tabbatar an rubuta buƙatar hular a kowace ranar da aka ba ki, musamman idan aka ɗaga ranar saboda jini ya yi ƙasa. Girman hular ma yana canjawa yayin da gashi ke raguwa, a zama na tara an sake matse mini ita. A wannan zangon gira da gashin ido suka tafi, da na sauran jiki. Hular ba ta kare su, kuma ganin fuska ba gira ya fi taɓa ni fiye da filin tsakar kai.

Wajen zama na goma na ji wani laushi kamar gashin jariri a wurin da ya yi fili, alhali ana kan ba ni magani. Wannan shi ne amfanin da ban sani ba sai da na gani: ko inda gashin ya zube, saiwar da aka sanyaya takan yi saurin farfaɗowa. Da na san haka, da ban yi tunanin dainawa ba a mako na uku. Duk da haka, na zauna kusa da matan da suka cire hular bayan zama ɗaya ko biyu saboda ciwon kai ko tsawon ranar, suka aske suka huta, kuma ban ga laifinsu ba. Hular ba ta ƙara wa maganin ƙarfi, ba ta rage masa.

Zubar ba ta tsaya ranar zama na 16 ba, ta ci gaba kaɗan-kaɗan kusan wata biyu, kuma aka ce in riƙe irin kulawar nan har ta tsaya. Sabon gashin ya fito da laushi fiye da na da, da furfura a gefe, tsawonsa daban da na tsohon, sai da aka daidaita da almakashi. An shawarce ni in bar rini da rilaksa aƙalla wata shida, kuma in gwada a ɗan wuri kafin in shafa duka. Kitso na farko na yi shi wata huɗu bayan gamawa, manya guda shida zuwa baya, kuma na ce wa mai kitson ta bar gaban goshi da madiga ba ja.